Sandunan da Suka Ɓata a Gonar Kabeji

Tun da dusar ƙanƙara ta rufe ƙauyen a farkon Disamba, Chizuru ta daina son sanin komai. Yarinyar da a da take tsayar da mutum a hanya don ta ji dalilin da ya sa hankaka ke tafiya da tsalle, ga ta a shekara goma sha biyar ta shige ƙarƙashin bargon da aka lulluɓe gajeren teburinsu mai na'urar ɗumi da shi, ta ƙi fitowa. Sati uku ba ta leƙa makaranta ba. Nas ɗin makarantar ta zo har gida, ta ce a riƙa fitar da ita hasken safe, a kuma kawo ta su yi magana. Chizuru ta juya wa bango fuska. Wani nauyi ne ya zauna mata a ƙirji, ba ta san sunansa ba, ba ta kuma da ƙarfin tambaya.

Ran nan da safe babanta Shigeru ya shigo yana kaɗe hula.

"Inna, sandunan sun ɓata!"

Kakarta Tomie ta ajiye lemon da take ɓarewa. "Duka goman?"

"Ko ɗaya babu."

A Nuwamba suke yanke kabeji su jera shi a gona, ƙanƙara ta binne shi ya ƙara zaƙi, sai a kafa sandar gora mai jan ƙyalle a bakin kowane layi don a san inda za a tona. Bana Chizuru ce ta kafa su da hannunta.

"Iska ce," in ji Baba.

Daga cikin bargo murya ta fito, ta dushe saboda rashin magana. "Iska ba ta cire su. Sai da na buga kowacce da guduma."

"A'a, ashe mushen nan na magana!" in ji Kaka. "To tashi ki nuna wa ubanki, kafin ya tone gonar maƙwabta."

Ba don kabeji ta sa takalmi ba. Tambayar ce ta yi mata tsaye a rai: wa zai saci gora ya bar kabeji?

Waje fari fat, hasken har yana sa ido ƙwalla. Ta tsaya ta daidaita turken lantarki da rumbun maƙwabta, ta ƙirga taku ashirin, ta ce, "Nan." Baba ya kafa shebur, can ƙasa sai ga kore shar, kamar jiya aka yanko. Kaka ta ce layi ɗaya ya isa yau, bayan Shigeru ba na ƙarfe ba ne. Haka aka yi washegari, da wanshekaren washegari.

Chizuru ta fara lura. Baba bai taɓa cigiyar sandunan ba. Kuma duk sanda ta nuna wuri, ƙafarsa ta riga ta juya can. A rana ta huɗu ta shiga ɗakin ajiya, ta ɗaga tabarmar da ke bayan gangar da Kaka ke tsima kayan lambu a ciki. Ga su nan, goma cif, an ɗaure su da irin ƙullin da mutum ɗaya ne ke yin sa a gidan.

Ta sami Kaka a kicin tana yanka kabeji cikin miya.

"Tsohuwa, ashe ke ɓarauniya ce?"

Kaka ba ta ko waiwayo ba. "Kwana huɗu! Da can kwana ɗaya ya ishe ki ki kama ni. Kin lalace."

"Kada dai ki ce min ni ma kabeji ce, zan yi zaƙi a ƙarƙashin ƙanƙara."

"Ke? Ai ke ɗaci kike ƙarawa."

Dariya ta kuɓuce wa Chizuru, a tsakiyarta kuma kuka ya biyo, mai yawa, irin wanda ya daɗe yana jiran hanya. Kaka ta kashe wuta, ta jawo ta jikinta da hannu mai warin albasa.

"Kaka, abin nan a nan yake," ta dafa ƙirji. "Ban san mene ne ba."

"Ni ma ban sani ba, 'yar nan. Matar nan ta makaranta ta ce ta san irinsa."

Chizuru ta share hanci da hannun riga.

"Yana da suna?"

"Sai ki tambaye ta. Gobe bayan an tona layi na biyar, ubanki ya kai ki."

"To sandunan fa?"

"Waɗanne sanduna?" in ji Kaka, ta sake kunna wuta.