Keke Mai Lamba Bakwai

"Yaya Barira, zo ki duba min, ko idona ne. Ɗigon nan ya tsaya."

Barira na gaban gas tana dama kunun gyaɗa sa'ad da A'i ta faɗo kicin ko ɗankwali babu, ta miƙo mata waya har tana neman tsone mata ido. Taswira ce a fuskar wayar, fili fetal ba gida ba bishiya, sai siririn layi da ya ratsa tsakiya, da wani shuɗin ɗigo a kansa. Ɗigon nan shi ne Dikko, mijin A'i. In za a bi gaskiya, keken da Dikko ke hawa ne, amma a gidan ba wanda ya taɓa damuwa da bambancin.

"Tun yaushe?"

"Bakwai da kwata na duba yana nan. Yanzu takwas saura ashirin, ko motsi."

"To ba zai huta ba? Mutum ne fa, ba inji ba."

"Baban Nuriyya ba ya hutawa a nan, sai ya kai wajen tankin ruwa. Na san hanyar nan kamar ni ke tuƙawa."

Shekara huɗu ke nan suna zaune a falat ɗaya a unguwar Al Qusais ta Dubai, hawa na uku. Ɗaki ɗaya na Barira da mijinta Alhaji Zainul Abideen, mai aikin kago a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Ɗaya na A'i da Dikko da 'yarsu Nuriyya, wadda motar makaranta ta riga ta ɗauka. Falo da kicin na kowa ne. Irin zaman nan ne da in ɗaya ya yi tari ɗaya zai ce masa sannu ta bango.

Dikko gyaran keke ya gada a Fagge, shi ne kuma ya kawo shi Dubai. Bara wani kamfanin talabijin ya ɗauke shi, masu shirin nan da ake tara 'yan gayu goma sha biyu a ba su kekuna su yi tsere a hamada, kyamara na bin su, kowane mako a kori ɗaya ya tafi yana sharɓar hawaye. Dikko ke kula da kekunan. Shi ke duba birki da sarƙa, ya daidaita sirdi, ya jera hulunan kwano da safar hannu da takalman nan masu maƙalewa a feda. Kafin kuma a saki 'yan gayun a kan kowace hanya, shi ake turawa da sassafe ya bi ta shi kaɗai, ya ga inda yashi ya rufe kwalta da inda kwana ke da haɗari. Wandon aikin kuwa wani matsattsen abu ne mai soso a mazaunai, wanda ranar da Barira ta fara ganinsa a igiyar shanya sai da ta yi dariya har da riƙe ciki. Dikko, mai shekara arba'in da tara da furfura a gemu, bai taɓa yarda a gan shi da shi a unguwa ba. Jallabiya yake ɗorawa a kai sai ya isa wajen aiki.

Kowane keke da 'yar na'ura a ƙarƙashin sirdi mai nuna inda yake. Da fargabar A'i ta ishe shi, sai ya sa mata abin a waya, ya ce ta riƙa bin lamba bakwai, shi ne nasa, ta bar shi ya sha iska.

"Kin kira shi?"

"Sau shida. Tana ta ringin."

"Wataƙila taya ce ta yi faci. Hannunsa duk baƙin mai, ya zai ɗauki waya? Zauna ki sha kunu."

Bakin Barira ne ya faɗi haka, amma akwai abin da ta sani. Shekaranjiya da la'asar ta tarar da Dikko a kan matakala, tsakanin hawa na biyu da na uku, ya jingine wata taya da bango, ya dafe ƙirji, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Da ya gan ta sai ya miƙe da sauri ya hau murmushi.

"Hajiya Barira, shwaiya shwaiya, a hankali dai, tsufa ne ke sallama. Don Allah kar ki gaya wa 'yar'uwarki, yanzu sai ta hana ni fita."

Ita kuwa ba ta gaya mata ba. Yau ta rasa inda za ta sa kanta.

Takwas da minti goma wayarta ta yi ƙara. Alhaji ne. Alhaji ba ya kira a wannan lokacin, don yanzu ne ake sauke kwantena. Ta fita baranda ta ja ƙofar gilashi, zafi ya buge ta a fuska kamar an buɗe tukunya.

"Barira, A'i na kusa da ke?"

"Tana kicin. Lafiya?"

"Daga wajen aikin Dikko aka kira ni, lambata ya ba su. Motar da ke bin sa a baya ta same shi a ƙasa. Ambulan ta ɗauke shi, ina kan hanyar asibitin. Kar ki ce mata komai sai na ga halin da ake ciki."

"Yana numfashi?"

"Ban sani ba. Na ce miki ban sani ba. Ki yi ta addu'a."

Ta gyara fuska ta koma. Tana shiga ta tarar da A'i a tsakiyar falo tana tsalle, waya a sama.

"Ya motsa! Yaya Barira, ya motsa! Alhamdu lillahi! Yau sai na ci masa mutunci, wallahi, ya sa hanjina ya kaɗa a banza."

Barira ta karɓi wayar. Ɗigon ya motsa kuwa. Har zuciyarta ta fara sanyi, ta ce ko an yi kuskure ne, ko wani ne ya faɗi. Sai ta ƙura masa ido. Ya bar siririn layin hamada ya hau babban titi, yana ta zuba gudu, yana wuce gada bayan gada. Ba ƙafar ɗan Adam da ke tuƙa keke haka. An ɗaga keken ne an jefa a bayan mota, za a mayar da shi sito.

"Ba ki ga gudun ya yi yawa ba?" ta ce, ba ta san ma maganar ta fito ba.

"Ai in sun gama haka suke yi. Su ɗora keken a baya, shi ya zauna gaba kusa da direba yana shan esi. Kin ga, Jebel Ali suka nufa, can siton yake. Khalas, shi ke nan, yau ya tashi da wuri." Ta ɗan kalle ta. "Wa ya kira ki?"

"Alhaji ne. Maganar wata kwantena."

Ƙaryar ta fito sumul, har Barira ta ji tsoron kanta. A shekara huɗun nan ba ta taɓa ɓoye wa A'i ko wuyan kaza ba, ga shi a kwana uku ta ɓoye mata abu biyu.

Tara saura kwata wayar Barira ta sake ƙara. Wannan karon banɗaki ta shiga ta saki famfo.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Alhaji. "Barira, Dikko ya riga mu. Likita ya ce zuciya ce. Tun kafin su iso asibitin."

Ta zame ta zauna a bakin baho, ta cusa gefen zaninta a baki.

"Ki saurare ni. Na kira kawunta, Alhaji Bashar, zai rufe shago ya taso daga Bur Dubai. Zan biya in ɗauko liman, mu zo tare. Irin wannan magana ba a waya ake faɗa ba, kuma ba ke za ki faɗa ba, kina ke kaɗai da ita a hawa na uku. Ki riƙe ta."

"Alhaji, ba zan iya ba. Tana can tana murna. Ya zan kalli idonta?"

"Awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Ki daure don Allah. In ta faɗi miki, wa zai kama?"

Ta wanke fuska sau uku. Idanun dai sun ƙi, sai ta fito ta wuce kicin kai tsaye ta ɗauko albasa ta hau yanka, albasar da ba wanda ya ce a yanka.

A'i kuwa tuni ta ɗora tukunya. Tunda Dikko ya tashi da wuri, ta ce, yau dambun shinkafa za ta yi masa da zogale, ya kwana biyu yana mita. Tana tsince zogalen tana surutu, ta jingine wayar da gwangwanin madara yadda za ta riƙa leƙa ɗigon. Ta ce in an gama ɗaukar shirin nan za su je gida hutu. Ta ce ya yi alkawarin koya wa Nuriyya keke, ita dai ta ce ba da wandon nan ba. Ta yi dariya, Barira ma ta buɗe baki ta yi wani abu mai kama da dariya.

"Af, na manta ban nuna miki ba. Ya fito a na makon jiya!"

Ta ja ta falo ta kunna talabijin, ta yi ta tura shirin gaba. 'Yan gayu cikin riguna masu ƙyalli da tabarau suna ta ihu da rungumar juna, wata na kuka wai sarƙarta ta zame. A'i ta tsayar da hoton.

"Ga shi can! Can baya, gefen tanti."

Bayansa kawai ake gani. Ya durƙusa gaban wani keke da aka kifar, hular kwano a kansa, hannu ɗaya na juya feda. Daƙiƙa biyu, kyamara ta wuce. A'i ta dawo da shi baya, ta sake, ta kuma sake.

"Shi ke yin aikin duka, su ke fitowa a talabijin. Kin ga yadda yake karkata kai? Sauraron sarƙar yake yi. Wai da kunne yake gane ciwon keke."

Barira ta ce bari ta duba tukunya. A kicin ta tsaya ta dafa bango tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Ta duba agogo, goma saura minti biyar. Ta ji haushin Alhaji, ta ji haushin cunkoson titi, ta ji haushin Dikko ma da ya ɗora mata sirrinsa ya tafi, nan take kuma ta nemi gafarar Allah.

Goma da kwata ɗigon ya tsaya a Jebel Ali. A'i ta goge hannu ta zauna da wayar a cinya tana jira, don kullum in ya isa sito shi ke kira ya ce me aka dafa. Minti biyar, minti goma. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Surutun nan duk ya ɗauke, falon ya yi tsit sai ƙarar esi.

"Yaya Barira."

"Na'am."

"Albasar nan da kika yanka, ta me ce? Ni ban sa ki ba, ke kuma ba girki kike yi ba."

A daidai nan aka yi sallama a ƙofa, muryoyin maza uku, ranar aiki, da hantsi. A'i ta miƙe a hankali. Da ta ga kawunta a gaba, hularsa a karkace, ga liman a bayansa, sai wayar ta suɓuce daga hannunta.

"A'ishatu, zauna," in ji Alhaji Bashar. "Zauna, 'yata. Sai haƙuri."

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya taɓa zama a gidan rasuwa ya san shi. Kafin azahar falon ya cika da matan Kano da na Zinder daga benayen kusa, takalma har matakala. Maza suka tafi neman takardu, aka ce sai gobe za a samu yin jana'iza. Suwaiba ta hawa na biyu ta tafi ɗauko Nuriyya daga makaranta. Dambun ya kama a tukunya, wata ta kashe gas ɗin.

Barira ta yi ta kai da kawo da ruwa da tabarmi, tana kauce wa ƙofar ɗakin A'i, har aka zo aka ce mata A'i na kiranta, ita kaɗai. Ta same ta zaune a bakin gado cikin hijabi, idanu sun kumbura, kukan ya tsaya.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kiran farko na san ya faɗi. A na biyu aka gaya min."

"Lokacin da nake nuna miki shi a talabijin?"

"Na sani." Hawaye ya ɓalle mata. "Akwai kuma wani. Shekaranjiya na gan shi a matakala ya dafe ƙirji. Ya roƙe ni kar in gaya miki, ni kuma na biye masa. A'i, ki yafe min, ko kar ki yafe, duk wanda kika yi daidai ne."

Barira ta fara tunanin ko ta tashi ta fita. Can sai A'i ta zame hijabin zuwa kafaɗa, ta kai hannu kunnenta na dama ta cire ɗan kunne ta ajiye a kan gado, don takaba ta riga ta hau kanta. Ta koma na hagu. Maƙullin ya ƙi fita, ta ja har kunnen ya yi ja. Sai ta sauke hannun, ta matso kaɗan, ta karkato da kanta wajen Barira.

Barira ta goge yatsunta a zani, ta kama kunnen a hankali.