Na Ja wa Kobus Labule

A layinmu na birnin Deventer ba a jan labule da rana. Gidan da aka gan shi a rufe, ko an yi mutuwa, ko akwai abin da ake ɓoyewa.

Kobus, akun Kakana Wiebe, a bakin tagar falonmu ya tsufa. Bayan rasuwar Kaka sai ya shiga figar gashin ƙirjinsa. Gwaggo Hendrika, ƙanwar babana, ta ce in bai daina ba za ta kai shi gidan da ake tara tsuntsayen da suka rasa mai riƙo. Na ce ba inda za shi. Halayyar dabbobi na karanta a jami'a, kuma a gaban dangi na tuna mata da haka, da murya sama da yadda ya kamata.

Na samo masa abokiyar zama, Griet, ruwan toka mai jan wutsiya irinsa. Ban yi gaggawa ba. Ta yi makonni a ɗakin sama, likitan dabbobi ya duba ta, suna jin muryar juna ta bene. Daga baya na sauko da kejinta na ajiye can ƙarshen falo. Kullum Kobus nake fara gaisarwa, shi nake fara miƙa wa gyaɗa.

Figa sai ta ƙaru. Ta hau wuya, ta gangara cinya, har ya koma kamar kazar da za a sa a tukunya. 'Yan makaranta suka riƙa tsayar da kekunansu suna nuni. Manya ba sa tsayawa, rage tafiya kawai suke yi, wannan kuwa ya fi ciwo. Ina zaune da littafi, ban ɗaga kai na dube su ba.

A wannan zaman na lura da abin da ke cinsa. Ido ɗaya yana kan titi, ɗaya yana kan Griet, ba shi da gefen da zai juya wa baya ya huta. Griet dai ta zo ke nan, ba inda za ta. Titi ne zan iya ɗauke masa. Na tashi na ja labule.

Kafin azahar maƙwabciyata Aaltje ta buga ƙofa da tukunyar miyar wake a hannu, fuskar nan a shirye da ta'aziyya.

"Marlijn, 'yar nan, wa muka rasa?"

"Ba kowa, Inna Aaltje. Aku ne yake son hutu."

Ta dubi tukunyar, ta dube ni. "Aku. To ai ni ma ina son hutu, amma ban rufe wa jama'a taga ba." Ta miƙo min miyar duk da haka.

Satin nan na sha kallo. A shagon burodi hira takan mutu in na shigo. Wani ya ce namiji na ajiye, wata ta ce tsuntsun ya mutu ina jin kunyar faɗa. Nakan karɓi burodina in fita kai a sama. Labulen dai bai motsa ba.

Ranar Asabar Gwaggo ta iso a keke, da kwandon ɗaukar tsuntsu ɗaure a baya. Ko rigar ruwanta ba ta cire ba.

"Malama mai digiri. Har coci aka tare ni ana tambayata. Gidan ubana ne kika mai da kogo?"

"Zauna in haɗa miki kofi, Gwaggo."

"Riƙe kofinki. Ina mara lafiyar?"

Kobus yana kan sandarsa, ƙafa ɗaya a naɗe, yana gyangyaɗi. Na riga na matso da kejin Griet kusa da nasa, ita ma ta kumbura gashi tana lumshe ido. Har yanzu tsirara yake. Ba ni da gashi ko ɗaya da zan nuna wa Gwaggo, sai dai tun shekaranjiya ban share sabon figagge a ƙasan kejin ba, kuma na san in na faɗa dariya za ta yi.

"Wannan ne aikin jami'ar?" in ji ta. Ta wuce ni, ta yaye labulen.

Haske ya faɗo, daidai lokacin da wani mutum ke wucewa da karensa. Kobus ya zabura ya faɗo daga sanda, ya rarrafa ya manne a kusurwar da ke jikin kejin Griet, ya sunkuya ya cafki fatar ƙirjinsa. Griet ta sauko daidai inda yake, ta yi wata 'yar ƙara ƙasa-ƙasa. Ya tsaya, baki a buɗe, yana haki.

Tsallaken titi Aaltje tana tsaye da tsintsiya, ta daina shara.

Gwaggo ta daɗe riƙe da gefen labulen. Ta dubi Aaltje ta cikin gilashi, ta ɗan ɗaga mata kai. Sannan ta ja labulen a hankali har ƙarshe, ta gyara inda ya bar kafa.

"Har yaushe?"

"Ban sani ba, Gwaggo. Watakila har bazara."

"Har bazara." Ta ɓalle maɓallin rigar ruwanta. "Kofin nan fa? Kuma ki shigo min da kekena ta baya. Ba zan fita ta ƙofar gaba ba."