Katunan da Keke Ya Cinye

Ɗakin da aka ba Baba a gidan tsofaffi na Toledo bai wuce gado da kujera da 'yar kanta ɗaya ba. Kantar nan kwalin takalmi ɗaya za ta ɗauka. Shi kuwa katunansa na 'yan wasan besbol sun cika ɗakin ƙasa na gidanmu har bakin matakala. Dole a tace.

Ni na san katunan nan kamar tafin hannuna. Tun ina ƙarami nake zama gefen Baba duk Asabar, in wanke hannu, in riƙe kati ta gefe, in zura shi cikin leda ba tare da kusurwarsa ta lanƙwashe ba. Ƙanena Dwight kuwa sacewa yake yi, ya maƙale su a jikin kekensa da abin maƙale shanya, wayoyin taya su riƙa bugunsu suna ƙara kamar babur. Duk katin da ya shiga hannunsa ya tashi aiki. Da ya girma ya tafi Arizona, sai waya ranar Kirsimeti, ita ma in ya tuna.

Ranar tacewa sai ga shi da kwalin soyayyen burodin donot, yatsu duk maiƙo. Baba ya rungume shi har gilashinsa ya karkace. Ni da na yi wata guda ina ɗaure kwalaye, ko sannu ban samu ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Na ce, "Baba, mu tsaya kan abu ɗaya. Ko katunan masu jifan ƙwallo zalla, ko na shekarar da ka auri Mama. Na ware maka masu kyan."

"Malam ya fara lacca," in ji Dwight, yana lasar yatsa.

"Kai dai kar ka taɓa komai da wannan hannun."

Baba bai ko kalli abin da na ware ba. Ya ce, "Dwight, leƙa bayan injin ɗumama gida, akwai wani gwangwanin kofi."

Ban taɓa sanin da gwangwanin ba. Baba ya juye shi a cinya. Katunan keke ne, duk sun yage, sun yi laushi kamar tsumma, wasu ko fuskar ɗan wasan ba a gani.

"Waɗannan za su bi ni," in ji Baba.

"Haba Baba! Shara ce fa!"

"Tun daga kwanar titi nake jiyo su, far-far-far. Sai in ce wa uwarku, ɗan banzan nan ya dawo da ƙafafunsa, zuba abinci." Ya yi dariya har da tari.

"To ni fa?"

"Kai ai kullum kana gida, Russell. Ban taɓa zaman jiranka ba. Sauran duka naka ne, kai ka iya riƙonsu."

Wallahi kishi ya rufe mini ido, ni da furfurata. An bar mini ɗaki cike da katuna, ga shi ina ƙyashin gwangwani mai tsatsa. Da suka hau sama shan kofi, na zaro katin da ni da Baba muka fi ji da shi, wanda muka yi tuƙi har Detroit muka samo. Na cire shi daga leda. Na ninke shi biyu, na murza, na cusa cikin na Dwight.

Washegari a sabon ɗakin, Baba na jera su cikin kwalin takalmi, sai ya tsaya. Ya ɗaga katin wajen taga, ya daɗe yana duban layin ninkin.

"Wannan ba keke ba ne. Keke gefe yake ci. Wannan aikin yatsa ne."

Ya ɗora shi a gwiwa yana shafawa a hankali, kamar zai miƙe. Sannan ya miƙo mini.

"Mayar da shi ledarsa, Russell. Ban taɓa jin ƙararsa ba."