Sunan Ango da Jar Tawada

Bang Sun-ja ta gaji da alƙaluman mijinta tun kafin furfura ta fito mata. Pyo Man-sik ya cika ɗaki guda da su, irin masu shan tawada daga kwalba, kowanne da 'yar rigarsa ta ƙyalle. Wannan bakinsa ya yi kauri, wancan sai takarda mai sulɓi yake so. Ita kuwa bai taɓa barinta ta riƙe ko ɗaya ba, wai bakin alƙalami hannun mai shi yake bi, baƙon hannu lalata shi yake yi.

Ranar da za su gana da iyayen saurayin 'yarsu Eun-bi a wani gidan abinci a birnin Daegu na ƙasar Koriya, ta roƙe shi ya bar tarkacensa a gida. Ya ce to. Ashe alƙalami ɗan gaban goshin nasa na cikin aljihu, cike da sabuwar tawadar da ko gwada ta bai yi ba.

Hira ta yi daɗi. Uwar saurayin, mace mai wuyar sha'ani da ta daɗe tana jan ƙafa kan auren, har ta fara sakin fuska. Sai ga Man-sik ya zaro kati, wai zai rubuta wa surukinsa sunansa ya zama abin tunawa. Ya rubuta Gu Tae-ho, shuɗi mai duhu, gwanin kyau.

Tawadar na bushewa ta juye. Irin mai sheƙi ce, hasken fitila na dukanta ta koma ja jawur, launin da a al'adarsu sunan mamaci kaɗai ake rubutawa da shi.

Uwar ta ajiye tsinken cin abincinta. Eun-bi ta sunkuyar da kai. Shi kuwa gogan naka, maimakon ya ba da haƙuri, sai ya shiga bayanin cewa asalinta shuɗiya ce, a ɗan karkata katin a gani. Takaici ya turnuƙe Sun-ja, ta ji kamar ta shaƙe shi.

"Baban Eun-bi, miƙo alƙalamin nan."

"Ai kin san hannunki..."

"Miƙo, na ce."

Ta jawo katin, ta rubuta sunan mijinta a ƙarƙashin na yaron, sannan nata, sannan na 'yarta, tana dannawa yadda ta saba danna biro. Kowa ya zuba ido har sunayen uku suka yi ja.

"Maman Tae-ho, ga mu nan duka," in ji ta. "In wani abu zai sami ɗanki, ba shi kaɗai zai samu ba."

Matar ta daɗe tana kallon katin. Can ta saka shi a jaka, ta ɗauki tsinkenta, ta tambaya ko bazara ta yi musu don biki.

Man-sik ya karɓi alƙalaminsa. Bakin ya wage kamar kofaton akuya. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga 'yarsa tana share hawaye. Sai ya rufe murfin a hankali, ya tura shi gaban matarsa.

"Riƙe abinki, Maman Eun-bi. Ya riga ya bi hannunki."