Kaskon Albarka Mai Magana

Albarka maginiyar tukwane ce a Kalgo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ɗa ba jika, dukiyarta duka ramin yumɓun da ta gada wajen uwarta ne, sai bakinta da ba ya hutawa. A shekarun da Nasara suka fara zama, kwalabe suka soma yawo a kasuwa, ta je Gwandu biki. Can ta ga wani tsoho Banufe, Hamidu, yana narka fasassun kwalabe da kanwa yana yin duwatsun wuya. Bikin da ba ta gani ba ke nan. Kwana uku ta yi tsugune gabansa wai tana taya shi hira, alhali hannunsa take kallo.

Da ta dawo gida ta daka kwalba lilis, ta haɗa da kanwa da tokar itace, ta dama, ta shafe cikin kasakenta ta toya. Suka fito kore shar, suna ƙyalli kamar fadama da hantsi. Matan gari har da masu cewa ba su son ƙyale-ƙyale, kowacce ta aiko a ɓoye. Ita kuwa da ta gane kanwa ce ke kawo ƙyallin, sai ta riƙa zuba ta kamar mai dafa tsohon wake.

Su maginan Kalgo ba sa barin tukunya ta huce cikin wuta. Tana ja zur ake zaro ta da sanda, a yayyafa mata makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ta yi cuu ta yi duhu. Tukunyar da ba ta sha makuba ba, in ji su, jaririn da ba a raɗa wa suna ba ce, komai na iya shiga ya zauna. Haka Albarka ta yi wa korayen kasakenta, kamar yadda uwarta ta koya mata.

Sai kasake suka fara magana. Ba wata magana mai tsawo ba. Kasko na ajiye a ɗaki, ba wanda ya taɓa shi, da tsakar rana lokacin da ko kaza ta yi shiru, sai a ji ƙil. Can an jima, ƙil. In an duba sai a ga wani siririn layi ya ƙaru a cikin koren, kaskon kuma bai fashe ba.

Hajjo, wata Bafulatana daga rugar bayan gari, ta sayi ɗaya tana ajiye man shanu. Mai ya shiga layukan ya baƙanta su. A makon nan ɗiyarta Huseina ta kwanta, ba zazzaɓi ba ciwon kai, ramewa kawai. Ranar kasuwa Hajjo ta zo ta dire kaskon gaban Albarka, ta yi magana a hankali, wadda ta fi ihu tara mutane.

"Inna Albarka, duba nan. Ga goshi, ga hanci, ga tsagen kumatu guda uku. Fuskar wa ta?"

"Fuskar kasko ta, ɗiyar nan. Kasko na da wata?"

"Duk sa'ad da ya yi ƙil, yarinyata sai ta zabura ta ce an kira ta. Mi kinka rufe ciki?"

Albarka ta buɗe baki za ta ba ta amsar da za ta ishe ta har ruga, sai kaskon ya ce ƙil a tsakaninsu. Masu taya tukwane suka janye hannu. Ita kanta da ta leƙa, sai ta ga kamar fuskar ce, har da ido ɗaya a lumshe.

Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci: mayya ce, kurwar mutane take kullewa cikin kore. Waɗanda suka aiko a ɓoye su suka fi kowa rantsuwa. Mai unguwa, mutum mai gudun rigima, ya ce ya ba ta kwana bakwai. Ta kawo koren kasko sabo, a ajiye gaban jama'a daga hantsi zuwa la'asar. In ya yi shiru, sana'a ce. In ya yi magana, ta bar Kalgo, ramin yumɓu kuma a cike shi.

Ta kama hanyar Gwandu da ƙafa, ta kwana Dalijan, ta isa ƙafafu a kumbure. Hamidu ya karɓi kaskon da ta zo da shi, ya juya, ya lasa, ya tofar.

"Ke miya kika yi ko kwalba? Kanwa ta yi yawa."

"Baba, mutane sun ce kurwa ce ciki."

"Ni ban san kurwa ba, wuta na sani. Wannan koren riga ce kika sa wa yumɓu. In suna hucewa, rigar ta fi jikin tsukewa, kanwa ke sa ta haka. Ƙato ya sa rigar yaro, me za ki ji in ba ɓarkewa ba? Rage kanwa rabi. Bar tokar itace, ita ma 'yar uwar kanwa ce. Ba ku da shinkafa a Kabi? Ƙona buntunta har ya yi fari, tokarsa kamar yashi take, ita za ta riƙe. Ki shafa siriri. Sannan ki bar shi cikin toka ya huce don kansa, kwana guda cur."

"To makubar fa, yaushe za a ba shi?"

"Wace makuba?"

Da ta gaya masa yadda suke yi, tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ko shi aka zaro daga wuta aka watsa wa ruwa, ai zai yi ƙil.

Albarka ba ta yi dariya ba. Duk hanyar dawowa abin da ke cin ta ke nan. In ta ba shi makuba zai tsage, a kore ta. In ta hana shi, ta bar ƙofa a buɗe, kuma ita ta san uwarta ba ta faɗin abu a banza.

Rana ta biyar ta toya kasko ɗaya tak. Wuta ta ci ta faɗi. Hannunta da kansa ya kai ga sandar zarowa, ƙwaryar makuba na gefe tana jira. Sai ta ɗauki ƙwaryar ta kifar a ƙasa, ta zauna a kan hannayenta. Yini da kwana tana gadin tudun toka, tana jin kamar wani abu na kewaya shi yana neman hanya. Iska babu, amma tokar saman tana ɗan motsi.

Rana ta bakwai aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tsamiyar ƙofar mai unguwa, aka ɗora kaskon. Korensa bai kai na da ƙyalli ba, amma sumul yake, ba layi ko ɗaya. Kalgo ba ta taɓa yin shiru irin na ranar ba. Mata masu goyo suka toshe bakin 'ya'ya da nono. Hajjo ta zauna daf da shi, kunnenta a karkace. Rana ta take, inuwar tsamiya ta tattare ta koma gindinta, lokacin da kowa ya san ba mutane kaɗai ke zama ƙarƙashin tsamiya ba. Wani tsoho ya yi gyatsa, aka harare shi kamar ya yi kisa. Kasko bai ce komai ba.

Da ladan ya kira la'asar, mai unguwa ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce magana ta ƙare, Albarka na nan, raminta na nan. Huseina ma ta fara shan fura a makon, Hajjo ta bi gida gida tana cewa ai tsohuwar ce ta ji tsoro ta saki kurwar yarinyar.

Albarka ta naɗe kaskon a gefen zane ta nufi gida. Ta kai daidai ramin yumɓu, ba kowa a hanya, sai ta ji shi a jikin haƙarƙarinta, ƙil. Ta tsaya. Ta kwance, ta juya shi ga rana, ta bi da farce ciki da waje. Babu tsaga ko ta gashin kai.

Ta yi tari sau biyu, ko da wani na cikin gonar dawa ya ji ƙarar, ya ɗauka tarinta ne. Sannan ta sauka cikin ramin, ta haƙa wajen da yumɓu ya fi danshi, ta kifa shi ta danne da ƙafa. Ta ɗebi yumɓun tulu daga ɗaya gefen, ta hau ta tafi gida jiƙa makuba.