Teburin Ƙarshe

Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk ranar Asabar da yamma, Yaya tana zama a teburin ƙarshe na lambun shaƙatawar da ke bayan otal. Teburin roba ne da rana ta gama cinye farinsa, ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran tsawo, sai an tokare ta da murfin kwalba. Ba wanda ya taɓa yi mata takararsa. Yana daf da ƙofar kicin, masu kai abinci suna ta gogar kafaɗar mutum da faranti, dandamali kuma yana can nesa, sai ka ƙanƙance ido kafin ka ga fuskar mai waƙa. Nisan nan kuwa shi ne amfaninsa.

Mai waƙar ƙaninta ne, Auta. Su huɗu ne a ƙungiyar, kowa da sana'arsa ta rana. Auta gyaran firiji yake yi, mai fiyano malamin lissafi ne, mai jita yana sayar da tayoyi, mai ganga kuwa direban motar 'yan makaranta ne, gajere ƙwarai, shi ya sa ake ce masa Dogo. Ba su da mai kula da sauti. Akwatin sautin yana gefen fiyano, Malam ne ke murɗa maɓallansa da hagu yana kiɗa da dama. Matsalar ita ce lasifikokin suna fuskantar jama'a ne, sun ba makaɗa baya, don haka na kan dandamali bai san abin da ke isa kunnen na ƙasa ba. Dole wani ya zauna can baya ya ji musu.

Aikin Yaya ke nan. Yatsa ɗaya murya, biyu jita, uku fiyano. In ta juya tafin hannu sama, a ƙara. In ta kife shi, a rage. In ta dafa ƙirji, komai daidai, a ci gaba. Ganga ba ta da yatsa, domin Dogo ko an ce ya rage ba ragewa zai yi ba. Injiniya suke kiranta, da wasa aka fara har sunan ya bi ta. Kuma ba su taɓa musa wa hannunta ba. Ko da lambun gaba ɗaya zai ce jita ta yi yawa, in Injiniya ba ta ɗaga yatsa biyu ba, Malam ba zai taɓa akwatin ba.

To, wata bakwai ke nan Injiniya ba ta jin abin da suke kaɗawa.

Ba wai ta kurmance gaba ɗaya ba ne. Shekara ashirin da biyu ta yi a maɗaba'a, tsaye a gefen injin buga takardu tana karɓa tana jerawa, injin yana ruri tun safe har la'asar. Da ta je asibiti, likita ya sa mata wani abu a kai, ya yi ta danne-danne, sannan ya juyo ya fuskance ta ya yi magana a hankali yadda ake yi wa tsofaffi. Kunnen hagu ya tafi, na dama yana kan hanya. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, in ji shi, musamman a cikin hayaniya. Muryar Auta kuwa siririya ce tun yana yaro.

Ta zauna a kan bencin asibitin tana jiran ta ji wani abu, baƙin ciki ko tsoro. Ba abin da ya zo. Ta ninke takardar likita gida huɗu, ta sa a jaka, ta tsaya a hanya ta sayi sabulu, ta je gida ta wanke labule. Tun daga ranar haka take. Abinci tana ci, aiki tana zuwa, amma komai can nesa yake faruwa, ita kallo kawai take yi. A wurin aiki an fara cewa ta koyi girman kai, a yi mata magana ta yi kunnen uwar shegu. Ko a jikinta.

Ba ta gaya wa Auta ba, kuma ta san dalili. 'Yarta ɗaya ta yi aure ta tafi, gidan ya rage daga ita sai agogon bango. A maɗaba'a in ta faɗi yau, gobe wata za ta tsaya a wurin. Teburin nan kaɗai ne wurin da maza huɗu masu furfura ke ɗaga kai su nemi hannunta kafin su san ko suna kan daidai. In aka gane ba ta ji, za su lallashe ta, su matso da ita gaba kusa da dandamali don girmamawa, su sa wani a bayan. Shi ke nan ta zama 'yar kallo.

Don haka ta koma yin aikin da ka. Ta san a waƙa ta uku mai jita kan yi zumuɗi, sai ta ɗaga biyu ta kife hannu. Ta san a ta biyar Auta ya fara gajiya, sai ta ɗaga ɗaya ta juya tafi sama. Hannunta na hagu kullum yana shimfiɗe a kan teburin, ganga tana bugowa ta cikin robar, da haka take sanin inda aka kai. Sauran kuma ta karanta a fuskokin mutane. Wata bakwai ba wanda ya ce uffan.

Ran nan ta iso rana ba ta gama faɗuwa ba, ana jera kujeru. Dogo yana durƙushe yana ɗaure ƙafar ganga. Ya ɗago ya washe baki, kuma shi Dogo maganarsa ba ta da wuyar karantawa, da dukkan fuskarsa yake yin ta.

"Ranki ya daɗe, Injiniya! Yau ma kin zo ki hana mu sakewa?"

"Kai dai ka ɗaure gangarka," in ji ta. "Makon jiya sai da ta kusa binka gida."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ita ma ta ja bakinta yadda ake yi.

Auta yana warware waya, ya ba ta baya, yana ta magana. Ta ga ƙeyarsa tana motsi, ta ce "To," ta ƙara cewa "To." Sai ya juyo, ya ciro alewar maƙogwaro daga aljihu ya jefa a baki, irin wadda yake tsotsa duk lokacin da zai hau.

"To me? Yaya, kina ma ji na kuwa?"

"Ina jinka. Gajiya ce."

"Na ce yau zan yi sabuwar. Wadda nake ta fama da ita tun kafin zafi. Ita ce ta shida. Ba ganga, ba jita, daga ni sai Malam." Ya matso. "Ki faɗa mini gaskiya fa, kamar yadda kika saba. In shirme ce ki ce shirme ce."

Ta saba kam. Ita ce ta taɓa gaya masa wata waƙarsa ta fi dacewa da tallar maganin sauro, ya yi kwana uku ba ya gaishe ta, a na huɗu ya jefar da waƙar. Ita ta yi masa wanka yana ƙarami, ita ta saya masa makirufonsa na farko, ba ta taɓa ƙawata masa magana ba.

"Zan faɗa maka," ta ce.

Ta je ta zauna, ta tokare ƙafar teburin, aka kawo mata lemonta ba tare da ta tambaya ba. Ya kamata gabanta ya faɗi. Sabuwar waƙa ba ta cikin kanta, kuma in ba ganga teburin ba zai gaya mata komai ba. Ta duba cikin ranta ta ga fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ta buɗe lemon ta sha.

Aka kunna fitilu, lambun ya cika. Mutanen kullum ne: ma'aikatan banki da suka sassauta wuyan riga, wasu mata uku masu shago a layi ɗaya, iyali da yara suna zagaye kujeru, sai tsohon nan da ke rawa shi kaɗai tun waƙar farko. Kiɗa ya tashi, ta ji shi a tafin hannunta. Waƙa ta uku, yatsa biyu, a rage. Malam ya miƙa hagu ya murɗa. Ta biyar, yatsa ɗaya, a ƙara. Ya murɗa. Aka yi tafi, ta ga hannuwa suna haɗuwa, ta haɗa nata.

Sai Dogo ya ajiye sandunansa a cinya. Mai jita ya ja da baya ya jingina da bango. Teburin ya yi shiru a ƙarƙashin hannunta.

Auta ya riƙe makirufo da hannu biyu ya rufe ido. Bakinsa ya buɗe. Daga nan inda take ba a karanta leɓe, sai dai ta ga lokacin da yake jan numfashi da lokacin da wuyansa ke miƙewa. Matan nan uku suka daina hira. Tsohon ya zauna. Ta ce a ranta, to, da alama ba shirme ba ce, abin da za ta gaya masa ke nan.

Can sai wani ma'aikacin banki ya karkata kai. Wata ta dubi ta kusa da ita ta ɗaga gira. Mutane suka fara motsi a kujerunsu, wani ya ɗaga hannu yana kaɗawa. Malam ya lura, ya ɗago kai daga fiyano, idonsa ya tsallake lambun gaba ɗaya ya sauka a kanta. Tambaya ce, irin wadda ya yi mata sau dubu.

Ta yi lissafi da sauri. Waƙa ce mai sanyi, mutane ba su saba ba, shi ya sa suke mutsu-mutsu. Ta ɗaga hannun dama ta dafa ƙirji, har da gyaɗa kai.

Malam ya sunkuyar da kai ya ci gaba. Auta, ido a rufe, ya shiga baiti na gaba. Ya yi shi tun daga farko har ƙarshe, jijiyoyin wuyansa a tashe. Mutane suka fara waiwayowa suna kallonta, ɗaya bayan ɗaya, domin duk mai zuwa wurin ya san waye ke ba da hannu. Ita kuwa hannunta yana nan a ƙirji.

Wata mai kai abinci ta ajiye faranti ta dafa kafaɗarta, ta sunkuyo har fuskarsu ta daidaita.

"Anti, ba ki ji ba ne? Makirufon ya mutu tun ɗazu. Fiyano kawai ake ji."

Yaya ta dubi dandamali. Dogo ya riga ya taso, ya tsugunna a bayan mai jita, ya ɗago kan wayar makirufon da dugadugin takalmin mai jitar ya fizge lokacin da ya ja da baya. Malam ya cire hannu daga fiyano. Auta ya buɗe ido, ya dubi wayar, ya dubi jama'a, Malam ya ce masa wani abu yana nuni da teburin ƙarshe. Sannan su huɗun suka dube ta.

Sai a lokacin ta sauke hannun. Ta ajiye shi kusa da kwalbar lemo. Ba ta ji kunya ba, abin ya ba ta mamaki kaɗan. Ta dai lura murfin kwalbar ya zame, teburin ya koma rawa.

Dogo ya mayar da wayar, ya ƙwanƙwasa makirufon da yatsa, ya miƙa wa Auta. Auta bai karɓa ba. Ya sauko daga dandamali ya ratso tsakanin tebura, mutane suna janye ƙafafu. Tafiyar da nisa, ta daɗe tana kallonsa yana tahowa. Ya tsaya a gabanta, gumi a goshinsa, ya yi magana a hankali yadda likitan ya yi.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Wata bakwai."

"Duk hannun da kike ba mu..."

"Da ka nake yi."

Ya tsaya yana kallonta. Ta jira ya ce ta taso ta koma gaba. Ta riga ta ɗauki jakarta ta ɗora a cinya.

Bai ce ba. Ya jawo kujera ya zauna a gefenta na hagu, ya kewaye kunnenta da tafin hannunsa, ya fara waƙar daga farko. Ta ji ɗumin numfashinsa yana zuwa yana tafiya, ta ji ƙamshin alewar maƙogwaron. Bayan wannan ba komai. Ya yi layi ɗaya, ya yi na biyu, yana ta yi wa mataccen kunne waƙa da iyakar gaskiyarsa, lambun gaba ɗaya yana kallo.

A nan ne abin da ta jira a bencin asibiti ya iso. Baƙin ciki ne, ya taso mata daga ciki, da nauyinsa na wata bakwai.

Ta kama haɓarsa kamar yadda take yi in za ta wanke masa fuska yana yaro, ta ture shi baya kaɗan.

"Ba wannan ba. Zagayo."

Ya tashi da kujerarsa ya zagayo dama. Ya sake farawa. Can ƙasa, kamar rediyon maƙwabta ta bayan bango, wani siririn abu ya taso, ya hau, ya sauka. Ba ta kama kalma ko ɗaya ba, amma muryarsa ce.

Yaya ta ɗaga yatsa ɗaya. Ta juya tafin hannun sama.