Uban da Waya Ta Sani

Ɗayyabu yana ƙoƙarin kutsa kekensa na haya mai ƙafa uku tsakanin motar itace da wani mai turin baro a bakin tashar Bolari sai wayarsa ta hau ruri a aljihu. Mata biyu ne a baya, ɗaya da buhun gero a kan cinya. Ya bari sai da ya sauke su sannan ya duba. Hadijatu ce, matarsa, kuma ba ta saba kiransa da hantsi ba.

"Baban Safiyya, kana ina?"

"Ina Bolari. Lafiya?"

"To, da sauƙi dai. Hamma Bubayero ne ya zo, ko karin kumallo bai yi ba. Ya karɓi wayar Addarsu, suna ɗaki tun ɗazu."

"Me ta yi?"

"Wai wani ne yake ta turo mata saƙo a manhajar nan da suke kallon bidiyo. Ya sa hoton yarinya, ashe ƙato ne."

Ya kashe keken. Sai kuma wata tambaya ta taso masa, wadda shi kansa bai so ta riga sauran fitowa ba.

"Wa ya gaya wa Hamma?"

"Wayarsa."

"Wayarsa ta gaya masa?"

"Haka ya ce."

Addarsu ita ce Yusra, 'yarsu ta fari, mai shekara goma sha huɗu. A gidansu ba a kiran sunan ɗan fari, alkunya ce da suka gada. Ƙannenta suna ce mata Adda, wato babbar yaya, iyayen kuma suka fake a nan suna cewa Addarsu. Shi kansa Ɗayyabu da sunan 'yarsa ta biyu ake kiransa, Baban Safiyya. Tun da aka haifi Yusra bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In wani ya tambaye shi ko 'yarsa ce, sai ya kawar da kai ya ce, "'Yar Hamma ce." Kowa ya san abin da ake nufi.

A Babbar Sallar da ta wuce ne yayansa Bubayero, ma'aikacin gwamnati, ya kawo wa Yusra waya saboda ta zo ta ɗaya a ajinsu. Yana zaune a kan tabarma yana latse-latse, gilashinsa a kan hanci, sai ya ɗago ya ce akwai wani tsari da ake haɗa wayar yaro da ta uba, don uban ya riƙa sanin waɗanda ke shigo masa.

"Kawo taka, Ɗayyabu."

Ga baƙi cike da tsakar gida, ga surukai. Ɗayyabu ya yi murmushi ya ce, "Haba Hamma, ai 'yarka ce." Aka yi dariya, aka ci gaba da cin nama. Shi ya ma manta an yi.

Sai yanzu ya tuna. Ya san ya kamata ya nufi gida a unguwar Madaki. Maimakon haka sai ya juya kan keken zuwa layin masu gyaran waya.

Uchenna yana cikin 'yar rumfarsa ta gilashi, ya sunkuya a kan wata waya da aka farke. Ibo ne, amma a nan unguwar Herwagana aka haife shi, kuma 'yarsa Olaedo ajinsu ɗaya da Yusra. Da ya ga Ɗayyabu sai ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa.

"Direban jirgi. Ka sake zaune wa wayar ne?"

"Uche, ba wasa ya kawo ni ba."

Ya ba shi labari a taƙaice. Uchenna ya daina dariya. Ya ce ya san irin abin, ko watan jiya sai da ya toshe wasu biyu a wayar Olaedo. Sukan fara da yabo ne, in ji shi, su ce wa yarinya ta fi kowa kyau, daga nan su nemi hoto, daga nan kuma sai barazana.

"Yayanka ya yi ƙoƙari da ya gani da wuri."

"Ya yi," in ji Ɗayyabu, muryarsa a bushe. Ya ciro wayarsa mai tsagaggen gilashi ya ɗora a kan teburin. "So nake ka cire shi ka sa ni."

"In cire wa?"

"Hamma. A wayar nan an rubuta shi ne uba. Ni na haife ta."

Uchenna ya dube shi na ɗan lokaci. "Wa ya ce ba kai ka haife ta ba?"

"Wayar."

"Waya abin da aka gaya mata take riƙewa. Wa ya gaya mata?"

Ɗayyabu ya ƙara tura masa wayar gabansa.

"Ba zan iya daga nan ba," in ji Uchenna. "Sai ka zo da wayar yarinyar, ita ma ta zo ta danna ta yarda. Kuma bari in gaya maka tun yanzu, sanarwar da Turanci take zuwa."

Wannan ta shige shi. Ɗayyabu a aji huɗu na firamare ya tsaya, lokacin da mahaifinsu ya ce ɗaya ya yi boko, ɗaya ya bi shanu. Bai taɓa riƙe abin a ransa ba, ko kuma haka yake gaya wa kansa. Ya ɗauki wayarsa ya mayar aljihu.

A hanyar Madaki mutane suna ta ɗaga masa hannu, bai tsaya wa kowa ba. Tunani yake yi. Shi ne yake tashi da asuba ya kai ta makaranta a keken nan, ita a baya shi a gaba, ba mai ce wa wani komai sai "a dawo lafiya". Da ta yi zazzaɓin taifot shi ya kwana a barandar asibiti, amma da likita ya fito yana neman uban yarinya, Hamma ne ya miƙe, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar yadda ya dace. Ranar raba kyauta a makaranta, Hamma ne a hoto. Duk bai dame shi ba, don kowa ya san gaskiya. Amma waya ba kowa ba ce. Ita ba ta san alkunya ba.

Motar Bubayero tana ƙofar gida. Ɗayyabu ya faka keken a bayanta, ya shiga da sallama ƙasa-ƙasa. Labulen ɗakin a ɗage yake. Ya hango Yusra zaune a ƙasa kusa da ƙafar yayansa, idanunta sun kumbura, tana magana a hankali, Bubayero ya karkato da kunne yana gyaɗa kai. Tana ganin mahaifinta ta yi shiru, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Wannan shirun ya fi komai yi masa ciwo.

Suka gaisa. Bubayero ya ce wa yarinyar, "Je ki wurin mamanki," sannan ya nuna wa ƙanensa gefen kujera.

"An gode Allah abin bai yi nisa ba. Mutumin ya sa wa kansa suna Hikima, wai 'yar makaranta ce a Bauchi. Da na ga sanarwar sabuwar ƙawa na shiga shafin, na ga ba kowa a ciki sai ƙananan 'yan mata. Na sa ta nuna mini saƙonnin. Na toshe shi, na kai ƙararsa ga masu manhajar, na kulle shafinta yadda baƙo ba zai iya turo mata komai ba."

"Allah Ya saka da alheri, Hamma."

"Ba komai."

Ɗayyabu yana kallon takalmin yayansa a bakin ƙofa, baƙi, yana sheƙi. "Sai dai ni ne ƙarshen ji."

"Na kira ka sau biyu, ba ka ɗauka ba."

"Ina kan titi."

"To, ka gani."

"Da ni wayar ta fara gaya wa, da na tsaya."

Bubayero ya cire gilashinsa a hankali. "Ɗayyabu, ranar Sallah na ce ka kawo taka. Me ka ce mini?"

"Ai magana ce, Hamma. Kai ma ka san magana ce."

"Na sani. Amma gurbin yana neman suna, ba a barinsa haka nan." Ya sassauta murya. "Kuma ba duka na sani ba. Akwai saƙonnin da ta goge. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Waya tana nuna mini wanda ya shigo, ba ta nuna mini abin da ke cin yarinyar."

Da Bubayero ya tafi, Ɗayyabu ya sami Hadijatu a madafa tana tsince shinkafa. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Me ya hana ta gaya mini? Kullum muna tare a keke."

Hadijatu ba ta ɗago ba. "Na tambaye ta. Ta ce ta yaya za ta fara? Wai Bappanta, Hamma Bubayero, yana kiranta ya tambaye ta karatu, ya tambaye ta ƙawaye. Shi kuma wancan mugun, kullum da safe sai ya rubuto mata sunanta, har da yi masa ado." Ta watsar da wata tsakuwa. "Ta ce ba ta taɓa jin sunanta a bakinka ba. Ni ma ban tsira ba, har ni ta haɗa."

"Haka aka yi mana. Baba bai taɓa kiran sunan Hamma ba har ya rasu."

"Haka ne. Amma lokacin Hamma ba wanda yake shigowa ɗaki ta cikin waya yana kiransa."

Bayan azahar ya tsaya a tsakar gida, ya fuskanci ƙofar ɗakin yara. Bakinsa ya buɗe ya rufe. A ƙarshe ya ce wa Safiyya, "Ce wa Addarku ta ɗauko wayarta ta zo."

Ta shiga bayan keken ta takure a lungu. Suka kama hanyar rumfar Uchenna. Ta madubi yana ganin yadda ta damƙe wayar da hannu biyu, kamar wadda za a kai wurin hukunci.

Uchenna ya tarbe su da fara'a. "A'a, ƙawar Olaedo. Kar ki ji tsoro, ba ƙwacewa za a yi ba. Kuma ki sani, ba ke kika yi laifi ba, shi ya yi." Ya jera wayoyin biyu a kan tebur ya shiga latsawa. Wasu samari biyu da ke jiran cajin waya suna zaune a benci, sun zuba ido.

"Yawwa. Yanzu tana tambaya, mene ne kai a wurinta? Akwai uba, akwai mai riƙo." Uchenna ya ɗaga gira. "Ka yi a hankali, ka san ba ta jin wasa."

Amsar da ya saba bayarwa ta zo har kan harshensa. Ga mutane, ga yarinyar tsaye a gefensa.

"Uba," ya ce.

"Sunan yarinya? Yadda kake so ya riƙa fito maka."

Uchenna ya san sunan sarai. Ɗayyabu ya harare shi, shi kuwa ya tsare shi da ido, yatsansa a sama yana jira.

"Yusra."

Sunan ya fito masa wani iri, kamar kalmar wani yare. Bai dube ta ba, amma ya ji motsin mayafinta lokacin da ta ɗago kai.

Uchenna ya miƙa mata wayarta ta danna. Sannan ya ce, "Saura na yayanka. Tana ɗaukar mutum biyu. In cire shi ko in bar shi?"

Ɗayyabu ya daɗe yana kallon sunan yayansa a gilashin wayar. Ko bai iya Turanci ba ya gane harafin farko, ya gane tsawonsa. Abin da ya fito da shi tun safe ke nan, dannawa ɗaya ta rage. Ya tuna baƙin takalmin nan, ya kuma tuna cewa mai takalmin ko karin kumallo bai yi ba.

"Bar shi. Shi ya iya karantawa." Ya nuna gilashin da yatsa. "Amma ka sa nawa a sama."

"Babu sama da ƙasa a nan, Direba."

"Ka dai sa."

Samarin suka yi dariya. Uchenna ya girgiza kai, ya latsa wani abu da Ɗayyabu bai gane ba, ya miƙo masa wayar.

A hanyar komawa rana ta fara sanyi. Sun wuce masu gasa masara, sun kusa kwanar Madaki, sai ya ji ta matso daga lungun ta dawo daidai bayansa.

"Baba."

"Na'am."

"Akwai abin da ban gaya wa Bappa ba."

Tsoro ya kama shi. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan daɗi, ƙarami, wanda ya ji kunyarsa kuma ya kasa korarsa. Ya gangara gefen titi ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya. Wata mata da kwando ta taho da sauri tana tambayar ko zai je kasuwa, ya ɗaga mata hannu alamar a'a. Ya kashe injin, ya juyo gaba ɗaya a kan kujerarsa.

"Ina jin ki, Yusra," ya ce.